Yaron da Aka Hana Girma

Masu yabon makarantun zamanin Turawa sun yi yawa a yau, kuma mafi yawansu ba su ga zamanin ba. Sukan ce yaron aji huɗu na wancan lokaci ya fi malamin yanzu iya lissafi. Ban musa ba. Sai dai ni na tsaya a bakin kabarin ɗaya daga cikin irin waɗannan yara a garinmu Rara, kuma matar da aka sa ta yi aikin da ƙafarta ta zaunar da ni a cikin tsufanta, ta warware mini yadda aka yi. Saboda haka ina da ikon in faɗi abin da masu yabo ba su sani ba.

Bayan an dawo daga Yaƙin Bama, Baturen makaranta, wanda muke kira Mai Lofe, ya ɗinko wata koriyar tuta. Kowace shekara bayan kaka sai a tara zaɓaɓɓun yaran aji huɗu na makarantun elemantare na ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, a gwada su karatu da rubutu da lissafi. Makarantar da yaronta ya zo na ɗaya ita ke tafiya da tuta har shekara ta zagayo, kuma daga cikin waɗanda suka yi ƙoƙari ake ɗiban masu zuwa makarantar Midil a Sakkwato. Mai Lofe ya ƙara da cewa duk makarantar da ta ci sau uku a jere, tuta ta zama tata har abada. Goronyo ta taɓa ci. Wurno ta ci sau biyu, ta faɗi a na uku. Da hedimastoci suka fara kawo ƙarti, har aka taɓa kawo wani mai mata wanda aka aske wa gemu, sai Baturen ya samo gora ya yi mata tsaga da wuƙa. Duk yaron da kansa ya wuce tsagar nan, ba ya zama jarrabawa, ba ya zuwa Midil.

Akwai wata ƙaramar makaranta a wani gari na bakin gulbi, tsakanin Wurno da Rabah. Ba zan ambaci sunan garin ba, domin jikokin mutanen suna nan da rai. Hedimastanta Malam Halliru yana riƙon ɗan ƙanwarsa, wani maraya mai suna Ma'azu, wanda uwarsa Ma'u ta ba shi daga Rara. Yaron ya ciyo tuta, sai Malam Halliru ya ce wa Bature uwarsa ba ta yarda ya tafi Sakkwato ba tukuna. Ya sake ciyowa, Malam Halliru ya sake faɗin haka. Ita Ma'u ba wanda ya tambaye ta.

Washegarin dawowa da tuta ta biyu, Ma'azu ya durƙusa a zaure ya gai da kawunsa.

"Kawu, Isa na Goronyo da yaz zo na ukku an ce shi shirya kayanai. Ni yaushe za ni tahiya?"

"Baɗi," in ji Malam Halliru. "Tashi tsaye."

Ya janyo wata gora daga bayan tabarma. Tun a Wurno, sa'ad da Bature ya shiga shan shayi, ya gwada ta da ta Baturen ya yi mata tsaga daidai wurin. Ya tsayar da yaron a jikin bango, ya dafa kansa da tafin hannu, ya daɗe yana dubawa. Saura yatsa biyu.

Ya kira matarsa Turai. Ta zo ta tsaya a ƙofar cikin gida, hannunta da ludayi.

"Daga yau yaron ga ba shi shan hura, ba shi shan nono, ba shi cin wake. Kunu da sahe, rabin malmala da marece. Kuma kullum, kahin shi tashi daga tabarma, ki tsallake shi."

Turai ta dafe ƙirji. Kowa a ƙasar nan ya san ba a tsallake yaro yana kwance, domin tun kakanni ana cewa wanda aka tsallake ba ya ƙara tsawo, sai in wanda ya tsallake shi ya komo da baya ya warware. Uwa takan mari 'yarta a kan wannan.

"Malam, ɗan mutane na hwa."

"Ɗan ƙanwata na, ni ad da shi. Shekara guda ta kacal. In ya wuce tsagag ga, ba tuta, ba Midil, sai shi koma Rara noman albasa. Shi kika so mai?"

Ya juya ga yaron.

"Kai, ka ji? Wanga abu don kai aka yin shi."

"Na ji, Kawu."

A nan ne muguntar al'amarin take. Mutumin da ya tsare yaron har girma ya cim masa, shi ne kuma ya komo yana miƙa masa yunwa da sunan ceto. Kuma yaron ya karɓa da hannu biyu, domin ban da wannan hanya ba ya ganin wata da za ta kai shi Sakkwato.

Aka fara. Da asuba, kafin ya motsa, Turai takan zo ta ɗaga zane kaɗan, ta kau da kai, ta tsallake shi. Shi kuwa yakan rufe ido ya yi kamar yana barci, don kada ya ba ta kunya. Daga nan ya ɗauki tulu ya nufi gulbi. Ba tulun yara ba, babban tulun da ƙarti ke ɗauka, domin Malam Halliru ya ji ana cewa kaya mai nauyi yana danne tsawo. Yana hawowa daga gulbi yana karanta jadawalin sau da ƙarfi, ruwa yana zubo masa a wuya. In ya cika randuna, ya sha kunu, ya wuce makaranta ya zauna a kan bencin da ya riga ya shekara biyu a kansa, a tsakiyar yaran da a da shi ke koya musu baƙi. Da rana 'ya'yan gidan su kewaye ƙwaryar fura, shi a ba shi allo ya koma gindin rumbu. Kowace Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, a tsayar da shi a jikin bango.

Malam Halliru ba ya ganin kansa azzalumi, kuma yana da hujja ga duk wanda ya ɗaga gira. Da limamin gari ya ce masa yaron ya faɗa, sai ya ce, "Allah shi gafarta Malam, magabatanmu da ƙoshi sunka yi karatu? Malamin da yak karantad da ni, kunu shika sha sau guda ga wuni, kuma littattafan da ag ga kainai raƙumi ba shi ɗauka." Liman ya gyaɗa kai. Maigari ma ya ga yaron yana tangaɗi da tulu, amma ya ɗaga ido ya ga koriyar tuta tana kaɗawa a ƙofar makaranta, ya tuna yadda hakimi ya ambaci sunan garinsa a gaban sauran masu gari. Ya wuce abinsa.

Da bazara ta kama, malamai suka taru a Rabah karɓar alli da littattafai. Malam Maccido, wani hedimasta daga ƙasar Goronyo, uban Isa, mutum ne mai barkwanci. Tun daga nesa ya ɗaga murya.

"Malam Halliru, sannu da tuta! Ina dattijon ajinku? Ya hwara hurhura ko da saura?"

Malamai suka fashe da dariya.

"Yaro na ƙarami," in ji Malam Halliru.

"Ƙarami! Tare sunka zamna jarrabawa da Isa, ga Isa can Midil wandonai ya ɗage har ƙwabri. Naka ɗan aljannu na da ba shi girma? To bana ba ni da ta cewa, gora ta raba mu. In ya wuce, ka kawo muna shi Goronyo mu ba shi aji shi koyar, mu yi mai mata."

Malam Halliru ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Da ya komo gida, ko rawani bai kwance ba, ya kira yaron ya tsayar da shi, alhali ba Juma'a ba ce. Saura yatsa guda. Ya sake dafa kan da ƙarfi, ya sake dubawa. Yatsa guda.

"Turai! Mi kika ba shi ga ɓoye?"

"Wallahi Malam, ko ƙanzo."

"To a ɗauke kunun sahe."

Ma'azu ya tsaya yana duban tsagar nan kamar yadda mutum ke duban ruwan gulbi in yana tasowa wajen gonarsa.

Bayan 'yan kwanaki ya roƙi kawunsa abu guda, wanda bai taɓa yi ba. Ya ce a ɗinka masa riga mai tsawo har ƙasa, wai sanyi yake ji a ƙafafu. Aka ɗinka masa. Daga nan sai gora ta fara ba da labari mai daɗi. Yatsa guda ya tsaya a yatsa guda, kafin tsakiyar damina ya koma biyu. Malam Halliru ya yi hamdala, ya ce wa Turai, "Kin gani? Abin da tsohhi sunka hwaɗi ba ƙarya ba na." Tafiyar yaron ta sauya, ya koma takawa a hankali, a ɗan tsugune, kamar tsoho mai ciwon gwiwa. Aka ce aikin tulu ne.

Da wake ya fara nuna, Ma'u ta zo ganin gida. Ma'azu ɗanta ne na fari, saboda haka bisa al'ada ba ta kiran sunansa, ba ta dubansa ido da ido a gaban mutane. Haka kuma wanda ya ba da riƙo ba ya biyo ɗansa da tambaya. Yin haka zagi ne ga mai riƙo. Ta taho da gumba da man shanu da dafaffen wake a cikin ƙwarya, ta ce tsarabar yaran gida ce, ko da yake kowa ya san don wa ta ɗauko.

Suna zaune da Turai a tsakar gida sai ga wani ya shigo da tulu a ka, riga tana jan ƙasa, wuya kamar sillen kara. Ya juye ruwa a randa, ya daɗe dafe da bakin randar kafin ya ɗago.

"Wanga dattijo hwa?" in ji Ma'u a hankali. "Baƙo kunka yi?"

Turai ta sunkuyar da kai. "Ɗanki na."

Ma'u ta tashi, ko mayafi ba ta gyara ba, ta nufi zaure. Ta durƙusa nesa da wanta.

"Yaya, ban zo bincike ba. Na san ba a ba da riƙo a biyo da tambaya."

"To madalla da kin sani."

"Amma yaron ga, Yaya. Idanunai sun zurma."

"Karatu na. Ke kin san karatu? Sa'ad da Baba yab ba da ni riƙo Wurno, Inna ta taɓa leƙowa? Na sha wuya wadda tah hi wagga, ga ni yau, hakimi na ba ni hannu. So kika yi shi tashi kamar ubanai, daga hwadama sai kushewa?"

"Ni dai rai nika so mai."

Malam Halliru ya gyara zama. "In kina son abinki, ga shi nan, ɗauki yau. Sai dai ki sani ke kir raba shi da Midil, ana saura wata ukku. Kuma duk Rara ta ji Ma'u ta ƙwace ɗa daga hannun wanta da yac cishe shi shekara da shekaru. Ki zaɓa."

Ta fito. Ta sami yaron a gindin rumbu da allonsa. Ba kowa a wurin. Ta ajiye ƙwaryar gumba a gabansa, ta juya fuska ga bango, ta yi magana kamar da bangon take.

"A ci wanga. Ba mai gani."

Ma'azu ya buɗe faifai. Ƙamshin gero da man shanu ya buge shi. Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya mayar da faifai ya rufe, ya tura ƙwaryar da yatsu biyu.

"Inna, ki mai da. Saura kaɗan."

"Don mi?"

"In na ci, tsawo nika yi."

"Wa yac ce tsawo laihi na?"

"Gora, Inna."

A ranar Ma'u ta karya al'ada ta juyo ta dubi ɗanta. Shi ne ya kau da kai. Ta ce su tafi gida yanzu, ita ta ɗauki zagin duniya. Ya ce in ta tafi da shi, yunwar da ya sha ta tashi a banza. Ya roƙe ta ta yi masa haƙuri har kaka, in ya shiga Midil ana ba da tuwo da nama, zai ci har ya gaji. Ta koma Rara da ƙwaryarta a ka, cike kamar yadda ta zo da ita.

Tari ya fara da yankan gero. Da fari busasshe ne, daga baya ya koma mai nauyi, irin wanda ke tsayar da mutum a tsakiyar hanya. Zazzaɓi yakan rufe shi da la'asar. Tulu ya gagare shi, aka sauƙaƙa masa zuwa rabi. Amma kansa bai taɓu ba. Yana kwance a kan tabarma kawunsa zai jefo masa lissafi, kafin ya rufe baki an ba shi amsa.

Wata safiya Turai ta sami mijinta yana karyawa.

"Malam, jini nig gani ga tsumman da shika tari."

"Zahi na. A karɓo mai rubutu wurin Liman."

"Ga disfensa nan kusa."

"Disfensa shi hwaɗa ma Bature, Bature shi ce a kwantad da shi, tuta ta tahi Goronyo, Maccido shi samu abin dariya har shi mutu. Wurno sau biyu tac ci taf hwaɗi, kin ga ana tuna ta? Ki bari a gama. Ni da kaina za ni kai shi, in yanka mai rago shi ci shi kaɗai."

"In ya kai."

"Mi kic ce?"

"Ban ce komi ba."

Washegari da asuba ta ɗaga zane ta tsallake shi, kamar kullum. Na tambaye ta, a cikin tsufanta, abin da ya hana ta ƙi. Ta ce mijinta ne ya umurce ta, kuma tana ganin in ta daina ana dab da gamawa, yaron da kansa ba zai yafe mata ba. Kowa a gidan nan yana da hujjarsa, kuma kowace hujja da sunan yaron aka gina ta.

Ranar jarrabawa aka taru a Wurno. A kan jaki aka kawo Ma'azu, aka ce don kada ya gaji. Mai Lofe ya tsaya a inuwar wata tsamiya da gorarsa, yara suka yi layi, hedimastoci suka kewaye. Aka fitar da yaro biyu da suka wuce tsaga, ɗaya yana kuka. Da aka zo kan Ma'azu, Malam Maccido ya matso har yana taka ƙafar wani, ya miƙa wuya. Yaron ya tsaya cikin doguwar rigarsa. Bature ya dafa kansa. Yatsa biyu.

"La'ilaha illallahu!" in ji Malam Maccido. "Halliru, don Allah mi kaka ba shi ci?"

"Tarbiyya," in ji Malam Halliru.

Malam Maccido ya buɗe baki zai mayar, sai idonsa ya faɗa kan hannun yaron, inda hannun riga ya zame. Bai ƙara yin barkwanci ba a wannan rana.

Ma'azu ya gama lissafi tun sauran suna tsakiya. Ko ɗaya bai kuskure ba. Da la'asar Bature ya miƙa wa Malam Halliru tuta, ya ce ta zama tasu har abada. Sa'an nan ya cire lofe daga baki ya nuna yaron da shi, ya ce, "Bana wannan zai tafi Sakkwato. Ba na son in ƙara jin labarin uwa."

Aka shiga gari da kalangu. Malam Halliru ya cika alkawari, ya yanka rago, aka zubo wa yaron nama a akushi shi kaɗai. Ya ci tsoka biyu, cikinsa ya mayar da su. Aka kawo fura da nono, ya kurɓa, ya ajiye. Ya ce ba ya jin yunwa. Wannan magana ta fi tarin tsoratar da Turai.

A Sakkwato, duk sabon yaro sai likita ya duba shi kafin a ba shi gado. Likita ya sa abin sauraro a ƙirjin Ma'azu, ya saurara gaba da baya, ya ce tarin fuka ne, kuma ya yi nisa. Ba za a kwantar da shi cikin yara ba. Ma'azu ya tambayi tafinta yaushe zai komo. Tafinta ya tambayi likita, ya juyo yana duban ƙasa.

"Ya ce ka je ka warke. Baɗi."

Malam Halliru bai komo da shi gidansa ba. Ya ce yana da ƙananan yara, kuma mai jinya ya fi samun kulawa a hannun uwarsa. Aka ɗora shi a jaki aka kai shi Rara.

Ma'u ba ta kai ƙara ba, ba ta aika da zagi ba. Saƙo guda ta aika: Turai ta zo ta warware abin da ta ɗaura. Turai ta zo, ba tare da ta nemi izinin mijinta ba, kuma wannan ne karo na farko da ta yi haka. Ta sami yaron kwance a ɗakin uwarsa, gwiwoyinsa a naɗe. Ta juya masa baya, ta ɗaga zane, ta tsallake shi da baya. Ta zagayo ta sake. Ba ta san adadin da ta yi a gidanta ba, saboda haka ta yi ta yi, tana kuka.

"Goggo, ya isa," in ji Ma'azu. "Zamna ki huta."

Sa'an nan ya juya kai wajen uwarsa.

"Inna, yanzu in na miƙe ƙahwa ba komi?"

"Miƙe abinka."

Ya gwada. Gwiwoyin suka ƙi. Sun daɗe a lanƙwashe har sun saba. Ya yi ɗan murmushi, ya ce a bari sai ya ji ƙarfi.

Bai ji ƙarfin ba. Ya rasu da hantsi, ana cire albasa a fadama.

Ina cikin waɗanda suka zauna a ƙofar gidan. Malam Halliru ya iso a kan keke da manyan riguna, mutane suna tashi suna ba shi hannu, domin labarin ya bazu cewa an ɗaga shi zuwa malamin ziyara na dukan makarantun yankin. Gorar nan ta riga ta zame masa sandar hannu, ba ya rabuwa da ita. Ya jingine ta a bangon zaure ya zauna, yana karɓar gaisuwa, yana faɗin irin ƙwaƙwalwar da aka yi hasara.

Kamar yadda aka saba tun kakanni, in an gama wanka akan sami karan dawa a gwada tsawon mamaci, a kai wa masu haƙa. Mai wanka ya fito da karan. Kafin a sami wanda zai kai, sai ya jingine shi a bango, kuma bai sami inda zai jingine shi ba sai kusa da gorar.

Surutu ya ɗauke a hankali, daga na kusa zuwa na nesa. Karan ya wuce tsaga da faɗin tafin hannu.

Mai wanka, wanda bai san abin da ya sa aka yi shiru ba, ya ce, "Sai da munka sa ruwan zahi kahin gwiwoyin su miƙe. Yaro dogo, tubarkalla, irin ubanai."

Ashe yunwa ba ta hana shi tsawo ba, tulu bai hana ba, tsallake bai hana ba. Tun damina ya wuce tsagar. Shi ne ya roƙi doguwar riga, ya lanƙwashe gwiwa a cikinta, ya yini a haka, ya yi tafiya a haka, ya tsaya gaban kawunsa da gaban Bature a haka, don kada a ƙara rage masa abinci, don kada a rufe masa hanyar Sakkwato. Abin da aka cire daga akushinsa, jikinsa ya ɗebo daga ƙirjinsa ya biya.

Malam Halliru ya dubi karan, ya dubi jama'a. Ya yi gyaran murya.

"Gawa takan miƙe," in ji shi. "An sha ganin haka."

Sai aka ji murya daga bayan zanan da ya raba zaure da cikin gida. Ba kuka a cikinta. Ma'u ce, wadda tun ranar suna ba a taɓa jin sunan ɗanta a bakinta ba.

"Yaya."

"Na'am."

"Ma'azu ya wuce tsaga. Sai ka hwaɗa ma Bature."

Bai faɗa ba. Ba wanda ya faɗa. Malam Halliru ya yi zamaninsa yana zagaya makarantu, yana nuna wa ƙananan malamai yadda ake fitar da yaro na ɗaya, ya mutu da girmansa. Tuta ta zauna a makarantar har gara ta cinye ta. Har yau in tsofaffin garin suna alfahari sukan ce su ne suka kayar da Wurno da Goronyo sau uku a jere, kuma gaskiya suka faɗa.

Ni dai tun daga ranar, in na ji an ce makaranta kaza ta fi dukan makarantu, ba na saurin yin barka. Nakan tambayi sunan yaron da ya ciyo mata, da gidan da yake kwana, da wanda ke zuba masa abinci. Kuma in an kawo shi gabana, kafin in tambaye shi lissafi, nakan ce ya ɗage rigarsa in ga gwiwoyinsa.